Kano ko Katsina: wanne tsohon birni za ka ba wa kwana biyunka?

Wanda ya samu hutun kwana biyu da ɗan guziri a aljihu, yana kuma son ya ga abin da ya saura na biranen Hausa na shekaru ɗari biyar zuwa dubu da suka shuɗe, galibi zaɓinsa kan tsaya ne tsakanin Kano da Katsina. Tazarar da ke tsakaninsu kamar kilomita 170 ce, saboda haka wani zai ce a haɗa su duka a huta. Ana iya haɗawa, amma rabin lokacin a mota zai tafi, a dawo gida da hotuna cike da waya ba tare da an tsaya an kalli ko bango ɗaya da kyau ba. Shawarata ita ce a zaɓi ɗaya. Idan zuwan farko ne, Kano nake turawa mutum. Sai dai akwai mutanen da Katsina za ta fi yi musu daɗi nesa ba kusa ba, kuma ba su da kaɗan.

Kafin a shiga kwatance, akwai abin da ya kamata mai ziyara ya sa a ransa don kada ya ji an yaudare shi. Waɗannan birane da ƙasa aka gina su. Magina kan murza tubali da hannu su shanya a rana, su jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, su yi rufi da azarar giginya, sannan su shafe bango da makuba ko laso don ruwa ya zame. Irin wannan gini yana rayuwa ne muddin ana yi masa yaɓe bayan damina. Da zarar an yi sakaci na wasu shekaru sai ya fara zaizayewa. Saboda haka idan aka ce maka gini kaza na ƙarni na 15 ne, ana nufin wurin da fasalin da sunan sun kai haka, amma ƙasar da kake taɓawa hannaye da yawa sun sabunta ta tun daga lokacin. Wanda ya gane wannan zai more ziyararsa a duk inda ya zaɓa.

Kano ta fi yawan abin gani, wannan ba ya bukatar gardama. Mafi dacewa a fara da Dutsen Dala da sassafe, kafin rana ta ɗaga. A nan ne labarin garin ya faro, da Barbushe da Tsumburbura, tun kafin Bagauda wanda tarihin Kano ya ce ya hau mulki a shekarar 999. An yi wa dutsen matakala ta siminti, hawan ba ya ɗaukar dogon lokaci, amma mai ciwon gwiwa zai ji a jikinsa. Daga sama za ka ga Goron Dutse a gefe, ka ga hasumiyoyin babban masallaci, ka ga yadda unguwannin cikin birni suka cure wuri guda, rufin kwano ya cinye rufin soro sai ɗaiɗaiku. Katsina ba ta da wani wuri da zai ba ka birni gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka kamar haka. Idan ziyararka ta dace da Takutaha, wato ranar sunan Maulidi, za ka tarar dutsen ya cika maƙil da jama'a, yara da manya. Abin kallo ne, amma ba ranar natsuwa ba ce.

Ganuwa ita ce abin da zai fi sosa maka rai a Kano. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta. Aka kammala zagayen farko a ƙarni na 14, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa. Lokacin da Turawan Ingila suka ci garin a watan Fabrairun 1903, shugabansu Lugga da kansa ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. A wasu wurare tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Yau abin da ya rage guntaye ne. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, shaguna sun tsaya a inda kwarin ganuwa yake. Mai son ya ga ragowar da ke da ɗan fasali sai ya bi titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi ya wuce Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya ya nufi Dukawuya da Kabuga. Su kansu ƙofofin, yawancinsu an rushe an sake su da siminti don motoci su samu hanya. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta. Sunayen suna nan daram a bakin kowane mai adaidaita sahu, Ƙofar Mata, Wambai, Mazugal, Ƙofar Ruwa, Waika, Kansakali, amma kada ka sa ran za ka ga ƙyauren da aka rufe wa maƙiya a wurin.

Ƙyauren na gaske yana Gidan Makama, kuma a ganina wannan gida shi kaɗai ya isa ya rinjayar da sikeli zuwa Kano. A nan Rumfa ya zauna yana Makama, kafin ya zama sarki a 1463 ya gina sabuwar fada. Yanzu gidan tarihi ne. Tun daga shiga za ka tarar da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, manya masu nauyi da ƙarfe a jikinsu. A ciki akwai sulke da lifidi da kayan yaƙi, da tsofaffin hotuna na farkon zamanin Turawa. Amma ka ɗaga kai sama. Mutane da yawa sukan shagala da abin da ke cikin akwatunan gilashi su manta rufin da ke kansu. Dubi yadda bakan gizo ya taso daga bango ya lanƙwasa ya haɗu da ɗan'uwansa a tsakiya, azara a jere a tsakaninsu kamar saƙar tabarma, babu ƙusa babu rodi. Ka lura kuma da sanyin ɗakin, ko da rana ta take a waje. Kaurin bangon ne ya jawo haka. Minti goma a zaune cikin ɗaya daga cikin waɗannan soraye zai koya maka aikin maginan Hausa fiye da duk bayanin da ɗan jagora zai yi.

Tsallaken titi kaɗan ga Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune tun ƙarshen ƙarni na 15, Haɓe da Fulani duka. Fili ne babba, sama da eka 30. A nan sai a yi haƙuri, domin gidan mutane ne, ba gidan kallo ba. Za ka ga Ƙofar Kudu daga waje da zankwayenta, ka ga dogarai da jajayen riguna, amma shiga sorayen ciki sai da izini ko da wanda ya san hanya. Babban masallacin Juma'a da ke kusa asalinsa tsoho ne, sai dai ginin da ke tsaye yanzu na shekarun 1950 ne. Ka yi salla a ciki ka wuce, ba shi ka zo gani ba.

Abin da Kano ke da shi wanda babu a ko'ina shi ne tsofaffin wuraren da har gobe ake neman abinci a cikinsu. Kasuwar Kurmi tun zamanin Rumfa take ci. Lunguna ne matsattsu, mutum biyu da ƙyar suke giftawa, kowane layi da sana'arsa: masu sirdi da linzami da kayan adon doki, dukawa da jakunkuna da takalma, masu littattafan addini, masu turare da kayan yaji, masu tsakiya da murjani. A zamanin da, nan ne ayarin raƙuma daga Gadamus da Agadas ke sauke kaya su ɗauki fata da baƙin yadi. Marinar Ƙofar Mata kuma ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ramuka ne masu zurfi a jere, ana jiƙa baba da toka a ciki har ruwan ya nuna. Marini na zaune a bakin ramin, ya tsoma yadi ya ɗago, ya tsoma ya ɗago. Idan ka tsaya kusa za ka ga yadin ya fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa zuwa shuɗi a gaban idonka. Hannun marinin har gwiwar hannu ya riga ya zama launin aikin. Can gefe kana jin amon masu bugu suna dukan yadi da gungumen itace don ya yi sheƙi. Yawancin ramukan sun daina aiki, rinin kanti ya kashe kasuwar, amma waɗanda suka rage aikin gaske suke yi. Ka sayi ko ɗan ƙyalle ne, kuma ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.

Kuɗin da za ka biya a kan duk wannan shi ne cunkoso. Ko da me ka zo an fi ka, in ji kirarin garin, kuma har da gaggawa an fi ka. Daga Dala zuwa Kurmi zuwa Gidan Makama ba nisa a taswira, amma a cikin hayaƙin adaidaita da ƙarar ham da turereniya, sai ka ga yini ya tafi. Mai tafe da tsoho ko ƙananan yara zai gaji kafin azahar. Tarihin Kano a binne yake a ƙarƙashin kasuwanci, sai ka tona. Unguwar Madabo, inda malaman Wangarawa suka kafa makaranta bayan zuwansu a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, da Sharifai, inda zuriyar da ke danganta kanta da Shehu Magili, babban malamin da ya zo daga Arewacin Afirka, ke zaune, za ka iya ratsa su ba ka san ka taka wani wuri na musamman ba, in ba ka da ɗan gari a gefe.

Katsina ta Korau ɗakin kara, ita kuma tafiyarta daban. Abin ganinta bai kai na Kano yawa ba, amma a fili yake, kuma za ka same shi cikin kwanciyar hankali. Kan gaba ita ce Hasumiyar Gobarau. Tsayinta kamar mita 15 ne, hawa uku, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa. Wanda ya taɓa ganin hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 zai ga Gobarau gajeriya, amma ita ce babu kamarta a wannan ɓangaren na ƙasar Hausa, kuma Kano duk girmanta ba ta da tsohuwar hasumiyar ƙasa a tsaye. Ana danganta ginin masallacin da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, wanda labari ya ce ya karɓi sarauta bayan ya kayar da Sanau a kokawa. Masallacin Juma'a ne kuma makaranta, har zuwa bayan jihadi da aka gina wani masallacin aka bar wannan. Jikin masallacin ya tafi, hasumiyar ta lalace, sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka gyara ta.

Ana hawa ta ciki. Matakalar ƙasa ce, matsattsiya, da duhu-duhu, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙananan tagogi. Dole ka dafa bango, kuma mai jiki sai ya karkace. A sama za ka gane cewa ba don kiran salla kaɗai aka yi ta ba, domin daga nan mai tsaro zai hango ƙurar mahaya tun suna nesa. Masu kula da wurin za su ba ka labarin gardamar da malamai suka yi a kan alƙibla lokacin ginin, har wani malami ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba ƙiri-ƙiri. Labarin baka ne, ka saurara ka ji daɗinsa. Abin da yake tabbas shi ne Katsina ta yi suna da ilimi tsawon ƙarnuka. Shehu Magili ya zauna a nan kamar yadda ya zauna a Kano a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da malaminsa Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma har yau akwai unguwar Masanawa. Maƙabartar Ɗan Marina tana nan ana ziyara, a cikinta aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Daga Katsina kuma Muhammadu al-Katsinawi ya fito, masanin lissafi da hatimi wanda ya rasu a Alƙahira a 1741.

Saboda haka mai sha'awar tarihin malamai da waliyyai, Katsina ce tasa. A yini ɗaya zai hau Gobarau, ya ziyarci kushewun waliyyai, ya tsaya a Ƙofar Soro gaban Gidan Korau, ya zaga ƙofofin gari: Ƙaura, Ƙwaya, Guga, Sauri, Marusa, Durɓi da 'Yanɗaka, wadda Turawa suka shigo ta cikinta a 1903 ba tare da an yi yaƙi ba. Ganuwar Katsina ma ta sha kashi, kusan fiye da ta Kano, ƙofofin kuma an sabunta su. A wannan fannin babu wanda zai yi wa wani gori.

Akwai kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, ta zama Barewa. Ba na tsohon zamani ba ne, shekarunsa ɗari da 'yan kai, amma da ƙasa da azara aka gina shi a kan tsarin gargajiya, kuma yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa tare da Gobarau. Takwaransa a Kano shi ne Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Bature Hanns Vischer ya zauna ya kuma fara makarantar boko a 1909. Idan lokaci ya ƙure, a Kano za ka iya tsallake Gidan Ɗan Hausa ba ka yi asara mai yawa ba. A Katsina kuwa tsallake kwalejin rage rabin ziyara ne.

Me ya sa garin da ya taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da Kano a ciniki ya koma shiru haka? Jihadi ne ya juya al'amarin. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi garin a 1807, sarakunan Haɓe suka koma arewa suka kafa Maraɗi, suka kuma yi ta kai hari shekara da shekaru. Fatake ba sa son hanyar da babu aminci, sai suka karkata zuwa Kano. Da Bature Barth ya zo a 1851, ya tarar da Katsina fili ne babba a cikin ganuwa da mutane kaɗan, Kano kuwa tana tafasa. Wannan bambancin har yau ana jin sa a titi. Ga mutumin Maraɗi, ziyarar Katsina kusan zuwa gidan kakanni ce, ga ta kuma kusa ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya.

Abin da ke cike wa Katsina giɓi shi ne kwana na biyu. Birnin kansa yini ɗaya ya ishe shi, sai washegari ka kama hanyar Daura, kamar kilomita 80 ta gabas. A can rijiyar Kusugu take, inda labarin Bayajida ya ce ya kashe macijiyar da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. An gine rijiyar a cikin ɗaki, ruwa na nan, ana jawo shi da guga a ba baƙo ya sha. Fadar Daura ma tana da kyawun gini na gargajiya da ya cancanci tsayawa. A kan hanyar, ta wajen Mani, akwai Durɓi ta Kusheyi, tuddan kaburburan sarakunan farko na Katsina. An haƙa su a 1907, aka sake haƙawa a 1992, aka samu kayan tagulla da hauren giwa da wasu abubuwan da suka nuna cinikin ƙetare Sahara tun ƙarnuka da dama. Sai dai a wurin ido ba zai ga komai ba illa tudun ƙasa. Wanda ya karanta labarin kafin ya je zai tsaya da mamaki, yara kuwa za su tambaye ka me aka zo gani. Kuma a tuna, daga Kano ma ana zuwa Daura ta Kazaure a dawo a yini guda, saboda haka Daura ba ta Katsina ba ce ita kaɗai a wannan lissafi.

To, wa zai je ina? Mai zuwan farko, da ɗalibin zanen gine-gine, da mai son sayayya, da baƙon da ya sauka ta jirgi daga Ghana ko Sudan yana da kwana biyu kacal, su nufi Kano. Masauki ya fi yawa, jirage sun fi yawa, kuma Gidan Makama da Kurmi da Ƙofar Mata a yini ɗaya ba su da na biyu. Mai tafe da iyaye tsofaffi, da mai neman ziyarar malamai, da wanda ya riga ya san Kano ya gaji da hayaniyarta, su nufi Katsina su ƙara da Daura. Malamin makarantar da zai kwashi ɗalibai arba'in a bas, ni dai Katsina zan ba shi shawara, don tsare yara arba'in a lungunan Kurmi aiki ne da ba na yi wa kowa fatansa.

Batun hanya ba a wasa da shi. Jihar Katsina ta sha fama da 'yan bindiga, musamman ta yamma da kudu, wajen Jibiya da Batsari da Safana da Faskari. Birnin kansa da ɓangaren Daura sun fi samun sauƙi, amma a yi tafiya da rana, a kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar, domin sun fi kowa sani.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, sama ta washe, zafi ya ragu. In hunturu ya kankama hazo zai rufe maka abin da ka hau Dala ko Gobarau don ka gani, daga Maris zuwa Mayu kuwa rana ba ta barin mutum ya yi yawo bayan hantsi. Mai son ya haɗa da hawan salla, Kano ce ta fi girman taro, da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda rikicin masarauta, don haka a tabbatar za a yi kafin a biya kuɗin masauki. Katsina na da Hawan Salla da Hawan Bariki, Daura kuma na da Sallar Gani a watan Maulidi. A irin waɗannan ranaku dawakai za ka gani, ba gine-gine ba, domin hanyoyin fada duk a toshe suke, masu kula da wuraren tarihi ma da yawansu sun tafi kallo.